Shekarar da Aka Dandaƙe Janar

Akwai maganar da ke yawo a gidan nan shekara da shekaru, wai mamarku Hannatu ce ta raba ni da yayana Bawa, har ya kwashe shanunsa ya koma gonarsa ta wajen Dirin Daji. Na ji ta a bakin gwaggonku, na ji ta a harabar coci, kwanan baya kuma na ji ɗaya daga cikinku ya maimaita ta yana dariya, kamar abin da kowa ya sani. Ban taɓa yin musu ba, domin gyara maganar yana nufin in faɗi abin da ni na yi. Yanzu na tsufa, kunyar ta ragu. Da Hausa zan rubuta, tunda a bariki kuka tashi, abin da kuka iya a yarenmu na C'lela bai wuce gaisuwa da kiran abinci ba.

Da na bar aikin soja da muƙamin saja na dawo Zuru, na tarar da shanun mahaifinmu a hannun Yaya Bawa, a garken da ke bayan gida, gindin dutse. Ba a raba su ba bayan rasuwar tsoho, kuma ba wanda ya kawo zancen rabo. Na ƙara 'yan nawa a ciki, muka ci gaba da kiwo tare. Yaya ya san shanu da ido, yana hango sa daga nesa ya faɗa maka shekarunsa. Ni kuwa ban san komai ba sai tashi da wuri da son a yi abu a kan lokaci. Tatsa da kula da maruƙa suka faɗa hannun mamarku, don matar Yaya ƙafa na damunta. A shekarar da muka dawo ne kawun mamarku ya ba ta karsana, ya ce ta fara da ita. Ƙarama ce, baƙa-baƙa, ƙahonta guntaye, kunnenta ɗaya a yage tun tana maraƙa. Muka sa mata Kunne. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya yaba ta. Amma duk shekara sai ta haihu.

Bayan shekara biyu, tun hanyar Bena na lafiya, ni da Yaya muka je kara, kasuwar shanun Bena. Can ya ga wata farar saniya, doguwa, mai tozo kamar tulu, da maraƙinta namiji. Ya zagaya ta ya fi sau biyar, ya ce ba zai koma gida ba sai da ita. Muka kawo ta, unguwa ta fito kallo. Ba ta cika shekara a wurinmu ba ta fara zawo. Muka ba ta maganin tsutsa, muka ba ta kanwa, muka jiƙa mata saƙe-saƙi iri-iri. Tana cin abinci kamar lafiyayya, tana ramewa, har ta kwanta ba ta tashi ba. Muka ce ƙaddara ce. Yaya ya ɗauki maraƙin kamar ɗan da ya haifa, shi ke ba shi dusa da hannunsa, shi ke cire masa kaska. Ya girma ya zama bijimin da ba irinsa a kewayenmu. Ni na sa masa Janar, saboda yadda yake tafiya, kansa a sama, bai kula kowa. Tsohon bijimin mahaifinmu ya tsufa aka sayar, Janar ya zama uban garke.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda 'ya'yan Janar mata suka fara haihuwa. Kyawawa ne, farare, kowa na yi wa Yaya barka. Da farkon damina ɗaya ta fara zawo, wata biyu bayan ta haihu. Kafin gero ya fitar da kai, biyu sun bi ta. Zawo ne kamar ruwan kwata, ba jini, ba zazzaɓi. Saniya na tsaye tana kiwo, idonta garau, amma kullum ƙashin bayanta na ƙara fitowa, ƙarƙashin muƙamuƙinta ya kumbura ya yi taushi. Garken ya daina bushewa. Da sassafe warinsa ke fara gaishe ka kafin ka buɗe ƙyaure.

Na je na kira Malam Isa, malamin dabbobi, mutumin ƙasar Argungu ne da ya daɗe yana aiki a Zuru har ya iya 'yan kalmomin yarenmu. Ya duba su, ya ɗebi jini da kashi ya aika birni. Da sakamako ya dawo ya zo da kansa a kan babur, ya zauna a kan turmi. Ya faɗi sunan ciwon da Turanci, ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne ƙwayar 'yar'uwar ta tarin fuka ce, sai dai ita a hanji take zama, tana sa shi ya yi kauri har abinci ya riƙa wucewa bai amfani jiki ba. Ya ce tun suna maruƙa suke ɗauka, daga nono da kashin manya, sai ciwon ya ɓuya shekara uku ko huɗu kafin ya bayyana. Yaya ya tambaye shi allurar da za a yi.

"Yaya Bawa, gaskiya nika hwaɗa maka, wanga ciwo ba shi da magani," in ji shi. "Wadda ta soma zawo, yanka ta. In kun bar ta, ita ka shuka shi ga ƙanana."

Muka yanka ta farko. Mahauci ya kira ni ya nuna mini hanjin, ya yi kauri ya yi ninki-ninki kamar tawul da aka murɗe. Na taɓa ganin abubuwa a wurin aiki, amma wannan ya tsaya mini a rai, don na san akwai maruƙa a garke da ke ɗauke da shi suna tsalle-tsalle ba su sani ba, mu ma ba mu san su ba.

Wata safiya bayan tatsa mamarku ta ajiye ƙwarya ta ce in zauna. Ta fara jero mini shanun garken ɗaya bayan ɗaya, wacce ta haifi wacce, da wane bijimi, a wace damina. Ni da nake ganin kaina mai tsari ban san rabin abin da ta faɗa ba. Ta ce in lura, duk waɗanda suka kamu 'ya'yan Janar ne, kuma uwarsa ce ta fara. 'Ya'yan Kunne da jikokinta kuwa, waɗanda aka samu da tsohon bijimi, a garke ɗaya suke kwana, a kwatarniya ɗaya suke shan ruwa, ba wadda ta ko yi laushi. Sai ta tuna mini abin da na manta. Lokacin da farar saniyar Bena ke da nono da yawa, akwai 'yar Kunne da ke satar tsotso a jikinta kullum, har Yaya na korar ta da sanda.

"Ta sha nonon mai ciwon fiye da kowa in ban da Janar," in ji ta. "Ga ta can, haihuwarta uku. Saja, ni ban yi karatun dabbobi ba, amma abin nan kamar yana bin jini."

Ta ce in gaya wa Yaya, kuma in tambayi Malam Isa. Abin da ta ce ke nan, ba ta ƙara ba. Ina so ku riƙe wannan.

Malam Isa ya saurare ta har ta gama, ya sa ta maimaita wasu wurare. Ya ce abin da ta gani ba tatsuniya ba ne. Ya ce a ƙasashen da ake kiwon shanu da yawa, har da barewa a cikin shinge kamar awaki, an lura wasu zuri'o'i na jure ciwon, jikinsu na danne ƙwayar, wasu kuma da zarar ta shiga sai ta cinye su, kuma hakan gado ne. Ya ja kunnenmu cewa juriya ba sulke ba ce, mai jurewa ma tana iya faɗuwa wata rana. Ya ba mu shawara huɗu: a fitar da masu zawo, a canja wa shanu wurin haihuwa zuwa busasshen wuri, a daina bai wa maraƙi nonon da ba na uwarsa ba, a kuma canja bijimi. Akwai ɗan Kunne mai shekara uku, na ƙarshe da ta samu da tsohon bijimi, da muke shirin dandaƙewa don huɗa, Guntu muke ce masa. Malam Isa ya ce a bar shi ya zama uba.

Yaya ya yarda da uku na farko ba gardama. Na huɗun kuwa dariya ya yi. Ya ce Janar bai taɓa ko atishawa ba, ta yaya lafiyayye zai haifi ciwo? Ya ce ruwan rafi ne ya lalace bana. Sannan ya dubi mamarku ya ce, cikin wasan da ke tsakanin mutum da matar ƙanensa, amarya na son ɗan saniyarta ya hau kujera. Ta yi murmushi ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga ciki. Na roƙe shi aƙalla a ware Janar zuwa wani turke na shekara ɗaya mu gani. Ya yarda da baki. Sau biyu na ɗaure shi bayan rumbu, sau biyu na dawo daga gona na same shi cikin garke. Na farko igiya ya tsinke. Na biyun kwance ta aka yi.

Da kaka ta gabato aka yi wa Yaya rasuwa a gidan surukansa a Bena, ya tafi zai yi mako. A cikin makon ne na ga 'ya'yan Kunne biyu sun fara neman bijimi. Na tsaya a bakin garke ina kallon Janar na bin su, na ce a raina wata shekara huɗu ke nan za mu shuka. Ban shawarci kowa ba. Ranar Alhamis, mamarku ta tafi taron zumuntar mata, na hau babur na je wurin Malam Isa na ce ya zo da abin dandaƙa. Ya tambaye ni ko Yaya ya sani. Na ce mun gama magana kafin ya tafi. Ƙarya ce, kuma na san ƙarya nake yi tun kafin ta fita bakina. Muka tara maƙwabta huɗu aka kayar da Janar. Aikin bai ɗauki lokacin shan koko ba.

Mamarku ta dawo da la'asar, da ɗankwalin zumunta a kanta. Ta ga Janar tsaye a inuwa ƙafafunsa a ware, kansa a ƙasa.

"Ni ban ce ka yi haka ba," in ji ta. "Shanun na mutum biyu ne. Yanzu me za ka gaya masa?"

Na ce zan gaya masa gaskiya. Da Yaya ya dawo ban samu dama ba, ko in ce ban nema ba. Ya sauka daga mota ya wuce garke kafin ya shiga ɗaki, kamar yadda ya saba. Ina biye da shi. Ya duba, ya gane. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi jin daɗi. Ya sa aka ɗumama ruwa da gishiri, ya durƙusa ya gasa wa Janar wurin da hannunsa, yana yi masa magana a hankali. Ni ina tsaye kamar kurtu. Bayan mako ɗaya ya kira dattawan gida ya ce a raba shanun tsoho. Da suka tambayi dalili, ya ce ba komai, matar gida ta yi magana an bi, shi kuma ba zai zauna inda ake yanke hukunci a madafa ba. Dattawa suka juyo suna kallona. Mamarku na zaune a bakin ƙofa tana jin komai. Kalma biyar ta isa in wanke ta. Na sunkuyar da kai na yi shiru. Daga nan maganar ta fito, kuma ni na bar ta ta fita.

Yaya ya kora rabonsa da Janar zuwa Dirin Daji. Shekara uku bai taka gidan nan ba. A cikinsu aka yi auren yayarku Rahila, kuma a al'adarmu shi ne uban da zai miƙa ta. Na aika masa sau biyu, ya aiko da buhun dawa bai zo ba. Rahila ta yi kuka ranar, ba irin kukan amare ba. Kirsimetin shekarar gwaggonku ta mayar da kwanon abincin da mamarku ta aika mata ba a buɗe ba. Mamarku ta karɓa ta juye wa yara. Sau ɗaya na ce mata zan je in faɗa wa mutane, ta ce lokacin faɗa ya wuce ranar da dattawa suka zauna, yanzu in na faɗa za a ce ita ta sa ni. Na ji daɗin wannan amsar fiye da yadda ya kamata.

A garke kuwa muka bi abin da Malam Isa ya ce. Duk wadda ta fara zawo sai wurin mahauci, ba mu kai ko ɗaya kara ba, don kada mu kai wa wani abin da aka kawo mana. Na gyara fili a kan fa, shimfiɗaɗɗen dutsen da ruwa ba ya kwanciya a kai, nan shanu ke haihuwa. Mamarku na wanke hantsar kowace kafin maraƙi ya kama. Guntu ya fara aikinsa. Maruƙan da ya haifa ƙanana ne, masu launin toka da baƙi, ba tozo ba tsayi. Maƙwabta suka riƙa tambayata ko jakuna na koma kiwo. Nono ya ragu, har mamarku ta daina kai wa masu saye biyu da ta saba. Bayan shekara biyu Malam Isa ya ce kada jini ya yi kusa da yawa, muka yi musayar bijimi da kawun mamarku, daga garken da Kunne ta fito. Ba zan ce ciwon ya ɓace ba. Daga baya jikar Kunne guda ta kamu, mun yanka ta muna jin zafi. Amma ya zama abin da ke zuwa jefi-jefi, ba abin da ke zaune da mu ba. Garke ya bushe. Na koma fita da safe ina tsayawa a tsakiyarsu ina jin ƙarar tuƙarsu, ba na duba bayan kowace da fargaba. Ban san akwai jin daɗi irin wannan a kiwo ba sai lokacin.

A shekara ta huɗu, bayan an gama girbi, ɗan acaɓa ya sauke Yaya a ƙofar gida da hantsi. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Na riga na ji labari cewa ya sayi wani kyakkyawan bijimin, kuma 'ya'yan Janar da ya tafi da su sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Janar kansa lafiya lau, yana jan garma, kuma tsufa ne ya kashe shi daga baya, dole in faɗi wannan. Na tashi na gaishe shi, ya amsa a taƙaice ya wuce ni zuwa garke, inda mamarku ke ba maruƙa dusa. Ya durƙusa kusa da ita, yaya guda a gaban matar ƙanensa, ya tambaye ta lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, har da Rahila da jaririnta. Sannan ya ce yana son ɗan bijimi, kuma ita yake so ta zaɓa masa.

A nan ne bakina ya buɗe, bayan shekara huɗu. Na ce Yaya, ita ba ta san komai ba, ba ta ma gida ranar, ni na kira Malam Isa na yi masa ƙarya.

"Na sani," in ji shi, bai juyo ba. "Malam Isa ya biyo ni har gona ya ba ni haƙuri tun watan farko. Da na ce kai ne a gaban dattawa, da ba ni da ƙane. Sai na ɗora mata, don na san za ta iya ɗauka. Hannatu, ni da shi duk mun ci amanarki."

Mamarku ta kakkaɓe dusar hannunta ta ce Yaya ya tashi daga ƙasa, gwiwarsa ba ta yaro ba ce. Ta ce zancen zaɓe sai ya ci abinci. Ta yi masa tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, ta zauna ta ga ya cinye. Bayan nan ta shiga garke ta kamo ɗan Guntu mai shekara biyu, ta faɗa masa uwarsa da kakarsa, ta kuma gaya masa sai ya gyara wurin haihuwa in ba haka ba wahalar banza zai yi. Ya ce to. Ban taɓa jin Yaya ya ce wa wani to da sauri haka ba. Abin da ya rage shi ne a gabanmu uku kawai aka yi wannan maganar, shi bai maimaita ta a waje ba har ya rasu, ni ma haka.

Washegari muka ɗauko motar kaya, ɗan bijimin ya ƙi hawa. Aka ja, aka tura, ya kafe ƙafafu. Yaya ya ce a sallami direba, da ƙafa tsoho ya riƙa kai shanu ko'ina. Haka muka kama hanya mu biyu, shi da igiya ni da sanda, muka yada zango wurin wani ɗan'uwa a tsakiya. Duk tsawon hanyar Yaya na kushe shi, wai ƙafafunsa kamar na tunkiya, wai ko mahauci sai ya yi tunani kafin ya taya. Ni kuma ina ba shi labarin bikin Rahila, wanda ya zo da wanda ya yi rawa, yana tambaya yana ƙara tambaya. Mun isa gonarsa da azahar a rana ta biyu, ƙafafuna sun kumbura. Matarsa ta fito tana dogara sanda, ta dubi abin da muka jawo, ta dube mu, ta tambaya ko wannan ne ya sa tsofaffi biyu suka kwana a hanya.

"Shi ne," in ji Yaya. "Kawo masa ruwa, kuma kada ki raina shi a gabana. Daga gidan Hannatu ya fito."